Kwalabe koraye, farare da masu ruwan ƙasa: launin yana shafar abin da ke ciki?

Mai Man Gyaɗa, Kaduna

Assalamu alaikum jama'a. Asara ce ta kawo ni da wannan tambaya, don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Shekara shida ke nan ina matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli a gida. Da a jarka nake ajiye man, kowa ya zo da mazubinsa in auna masa. Bara na kama ɗan shago a bakin layinmu, sai na fara ɗura man a kwalabe ina jerawa a kan tebur, don masu wucewa su gani. Kwalaben a wajen wani yaro ɗan jari-bola nake saye, yana bin wuraren biki da otal-otal yana tarowa. Galibinsu dogayen nan ne masu cin santilita 75. Wasu na lemon inabi ne da ake jerawa a teburin amarya, wasu kuwa ba zan yaudari kaina ba, na san na giyar inabi ne, takardar jikinsu ma ta nuna. Nakan jiƙa su kwana guda, in kankare takardar, in zuba tsakuwa da omo in girgiza, in ɗauraye da ruwan zafi, sannan in kife su a rana.

Idan ya kawo buhu ɗaya, za ka tarar da koraye masu duhu har sun kusa baƙi, da koraye masu haske, da farare tas, da 'yan kaɗan masu ruwan ƙasa, wani lokaci har da shuɗiya guda ɗaya. Masu saye farar suke so. Ba na ganin laifinsu, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, mutum yana so ya ga man garau ba gurɓi kafin ya ba da kuɗinsa.

Bayan ƙaramar salla na matsi mai da yawa, na cika kwalba 30, farare 18, koraye 12. Kasuwa ta yi sanyi, sai da suka yi kusan sati biyar ban sayar da rabi ba. Ran nan wata maƙwabciyata, wadda ta daɗe tana saye a wurina, ta maido mini da kwalba ɗaya, ta ce man yana wari kuma yana maƙaƙi a maƙogwaro. Wallahi na ji kunya ƙwarai. Na bi sauran ina buɗewa ina shinshinawa. Fararen nan da suka rage duk sun canza, warin tsohon mai ya kama su. Korayen kuwa lafiyarsu ƙalau, ƙamshin gyaɗa na nan. Gyaɗa ɗaya, matsa ɗaya, rana ɗaya na ɗura su.

To tambayata biyu ce. Me ya sa tun asali masu yin waɗannan kwalabe suke bambanta launinsu, ado ne ko da dalili? Sannan launin ne ya ceci man da ke cikin korayen, ko dai dace ne kawai? Idan launin ne, gobe zan ce wa yaron nan kada ya sake kawo mini fara, ko da masu saye za su yi ƙorafi.

Malamin Kimiyya

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Kafin in amsa, ina aka ajiye korayen, ina aka ajiye fararen? Kuma shagon yana kallon gabas ne ko yamma?

Mai Man Gyaɗa, Kaduna

Amin Malam, na gode. Yamma yake kallo, daga azahar har la'asar sakaliya rana na dukan teburin. Fararen su nake sawa a gaba tunda su ake so. Korayen suna ƙasan tebur cikin kwali, sai fararen sun ƙare nake fito da su.

Malamin Kimiyya

To Hajiya, kin ga inda maganar take. Korayenki ba su sha rana ba sam. Kwalin nan da ƙasan teburin su suka yi mafi yawan aikin. Launi yana da tasiri, zan zo kansa, amma a wannan karon inuwa ce ta raba su.

Gilashi da yashi ake yinsa, a haɗa da wani gishiri dangin kanwa da farar ƙasa, a narka a tanderu mai zafin da ya kai digiri 1,500. Kusan duk yashin duniya yana ɗauke da ɗan ƙarfe a cikinsa, kuma wannan ƙarfen shi ke sa gilashi ya yi kore-kore da kansa ba tare da an zuba komai ba. Ki dubi gilashin taga ko na tebur ta gefensa, inda aka yanka, za ki ga kore ne, alhali ta fuska fari yake. Ke nan kore shi ne launin da ya zo a sauƙaƙe. Farar kwalba ita ce mai wahala, don sai an nemi yashi mai ƙarancin ƙarfe, a kuma ƙara wani sinadari kaɗan, kamar seleniyam, wanda zai kashe sauran koren. A da manganis ake sawa, shi ya sa tsofaffin fararen kwalabe da suka shekara da shekaru a rana suke rikiɗa su yi ɗan shunayya.

Sauran launukan da gangan ake yinsu. Kore mai kyau na yanzu, sinadarin kuromiyam ake ƙarawa. Ruwan ƙasa, ƙarfe ne da farar wuta da gawayi. Shuɗi kuma kobalt, ɗan mitsitsi ya isa ya rina tanderu guda. Duk waɗannan narkewa suke yi su zama jikin gilashin, ba shafe ba ne, saboda haka ba sa fita su shiga mai ko ruwa. Sai dai akwai kwalaben da fenti aka yi musu ta waje don ado. Ki karce da wuƙa, idan launi ya ɓare ya bar fari a ƙasa, to farar kwalba ce ta sa riga.

Batun kariya kuwa, hasken rana ba abu ɗaya ba ne, bakan gizo ya nuna mana haka. Ɓangaren da ya fi ɓata abinci shi ne shuɗi da shunayya, da wanda ke gaba da su wanda ido ba ya gani, wato UV. Kwalba mai ruwan ƙasa tana tare kusan dukkan wannan ɓangaren. Koriya tana tare wani abu, gwargwadon duhunta: mai duhun nan da kika ce ta kusa baƙi tana da ƙoƙari sosai, mai haske kuwa kariyarta kaɗan ce. Fara kusan komai wucewa yake yi. Shuɗiya kada kyanta ya ruɗe ki, shuɗin haske take bari ya shiga, shi ya sa ma muke ganinta shuɗiya.

Abin da ya sami manki, iska ce ta ci shi. Mai yana haɗuwa da iskar da ke saman kwalba da wadda ta narke a cikinsa, a hankali ya lalace ya yi wannan wari da maƙaƙi. Ko a ɗaki mai duhu hakan zai faru, sai dai zai ɗau watanni. Haske da zafi su ke ingiza shi ya yi sauri, kuma teburinki ya haɗa duka biyun. Ki lura kuma, kwalba mai duhu idan aka bar ta a rana ta fi farar kwalba ɗaukar zafi. Don haka ko duka kwalabenki sun koma masu ruwan ƙasa, muddin suna kan teburin nan da la'asar, kin rage matsala ne, ba ki kawar da ita ba.

Ɗan Maraɗi a Faransa

Sannu Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Ni karatun sarrafa abinci ya kawo ni Bordeaux, garin da kusan rabin kwalaben da ke cikin buhunki suka samo siffarsu daga gare shi, masu kafaɗa a tsaye ɗin nan. Ba na shan abin, amma a nan ba yadda za a yi ka karanta adana abinci ba a kawo maka misalinsa a aji ba, don haka bari in faɗi abin da na sani game da tambayarki ta farko.

Asalin duhun kwalbar giyar inabi ba don kariya aka yi shi ba. A shekarar 1615 sarkin Ingila, James na ɗaya, ya hana masu gilashi ƙona itace a tanderunsu, don ana bukatar katako wajen ƙera jiragen ruwa. Sai suka koma kwal. Wutar kwal ta fi zafi, gilashin ya fito da kauri da ƙarfi, ya kuma fito da duhu saboda hayaƙi da ƙarfen da ke cikin yashi. Wani Bature mai suna Kenelm Digby shi ake dangantawa da wannan kwalba mai ƙarfi, wajen shekarun 1630. Mutane ƙarfin suke so, duhun ya biyo baya ne kawai. Sai daga baya aka gane cewa duhun ma yana da amfani.

Daga nan kowane yanki ya riƙe al'adarsa. A nan Bordeaux jar giya a koriya mai duhu ake zuba ta, fara marar zaƙi a koriya mai haske ko fara, mai zaƙin nan ta Sauternes kuwa a farar kwalba, don a ga launinta kamar zuma. A Burgundy, wani yanki na nan Faransa, koren nasu ya karkata zuwa rawaya, suna ce masa launin busasshen ganye. A Jamus, bisa al'ada, mutanen kogin Rhine ruwan ƙasa suke amfani da shi, na kogin Mosel kuma kore, har mai saye kan gane yankin tun daga nesa. Ke nan wani ɓangare na amsar shi ne gado da alama, kamar yadda a gida za ka ga hula ka san ta ina ce.

Amma lalacewar da haske ke yi gaskiya ce, har suna suka ba ta, wai "ɗanɗanon haske". Akwai bitamin B2 a cikin abin, idan shuɗin haske ya taɓa shi sai ya tayar da wani aiki da ke fitar da sinadarai masu farar wuta, abin ya riƙa wari kamar dafaffen kabeji da ya kwana. Ba sai rana ba, fitilun kanti ma suna yi, kuma a farar kwalba ba ya ɗaukar dogon lokaci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, jar giya wadda aka fi ba kwalba mai duhu ita ce ta fi juriya, don sinadaran fatar inabi da ke cikinta suna kare ta. Farar giya da mai ruwan hoda da shamfen, wato giyar inabi mai kumfa, su ne masu rauni, kuma mai ruwan hodar nan ta yankin Provence da ke kudancin Faransa kusan duk a farar kwalba ake sayar da ita. Dalili? Irin naki ne sak, Hajiya. Mai saye yana so ya ga launi. Masana a nan sun daɗe suna magana a kai, 'yan kasuwa suna ji suna ci gaba, domin kwalbar da aka ga cikinta ta fi saurin barin kanti.

Akwai wani shamfen mai tsada, Cristal, na gidan Louis Roederer, wanda aka fara yi a 1876 don sarkin Rasha Alexander na biyu, a farar kwalba. Har yau farar ce, amma kowace ɗaya sai an naɗe ta da wata leda mai ruwan lemo da ke tare hasken, a sa a kwali. Masu kuɗin ma dabarar da suka samu ke nan: a bar kwalba fara, a rufe ta.

Wannan bitamin ɗin dai shi ne a cikin madara, shi ya sa madarar da ta sha rana take canza ɗanɗano. Man zaitun kuma sinadarin kore irin na ganye da ke cikinsa ne ke kama haske ya hanzarta lalacewa, don haka na kirki a kwalba mai duhu ko gwangwani yake zuwa. Idan kika ga man zaitun a farar roba an jera shi a rana a bakin masallaci, to ya riga ya fara tafiya.

Baba Liman

'Yata, tunda kin ambaci cewa wasu na giya ne, bari in sa baki a nan kaɗai. An tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ƙoren Ahlul Kitabi, a hadisin Abu Sa'alaba, ya ce idan an sami wasu a bar su, idan ba a samu ba a wanke a ci a ciki. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta tukunyar ƙasa, wadda ke tsotse najasa ta shige jikinta, da abu mai santsi irin gilashi wanda ba ya tsotsewa. Gilashi yana tsarkaka da wanki har launi da ɗanɗano da wari su gushe. Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne murfi da toshiyar nan mai kama da ɓawon itace, ita tana sha, ki jefar ki sa sabo. Idan kuma kina da halin zaɓar na lemo zalla, ya fi kwanciyar rai gare ki da masu sayenki.

'Yar Kemis

Anti, ki leƙa kowane kemis ki dubi maganin ruwa na yara, da aidin, da ruwan wanke ciwo mai kumfa. Yawancinsu a kwalba ko roba mai ruwan ƙasa suke, kuma duk da haka an sa su a kwali an rubuta a ajiye nesa da haske da zafi. Kamfanonin magani ba su dogara da launi shi kaɗai ba.

Roƙona ɗaya, ki gaya wa yaron nan kada ya haɗo miki da kwalaben magani ko na feshin gona don kin ce kina son masu ruwan ƙasa. Su ma launinsu ke nan, kuma ba a zuba abinci a cikinsu ko an wanke.

Akwai ma inda fara ce ake nema. Masu tsabtace ruwan sha da rana, a cika farar roba a shanya ta awa shida, dole sai fara, domin hasken da ke ɓata miki mai shi ne ke kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan.

Bakatsinen Bida

Ni aiki ya zaunar da ni a Bida shekara tara. Wanda yake shakkar maganar Malam cewa launin a jikin gilashin yake, ya zo unguwar Masaga ya gani. Nufawan nan sana'ar gilashi gadonsu ce, suna sayen fasassun kwalabe, su ware kowane launi daban, su narka a wuta su yi awarwaro da duwatsun wuya. Koriya ta shiga wuta ta fito koren awarwaro, shuɗiya ta fito shuɗi. Hajiya, shuɗiyar nan guda ɗaya da kike samu a buhu, tunda ba ta da amfani ga mai, a nan tana da daraja.

Malamin Kimiyya

Haka ne, kuma manyan masana'antu ma sai sun ware launi kafin su sake narkawa. Koriya ta fi haƙuri da gauraye, fara kuwa 'yan fasassun koraye kaɗan sun isa su ɓata ta. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa koriya ta yi yawa a duniya.

Hajiya, ga abin da zan yi da ni ne ke. Ki cika kwalba har wuya, kada ki bar wa iska wuri. Ki tabbata ta bushe ƙarau kafin ɗuri, ɗigon ruwa ɗaya a gindi yana jawo lalacewa. Ki riƙa ɗura abin da za ki sayar a sati, sauran ya zauna a jarka a rufe a ɗaki. Kuma kada ki yarda da maganata haka kawai, ki gwada: kwalba huɗu daga matsa ɗaya, fara da koriya a kan tebur, fara da koriya a kwali, ki riƙa shinshinawa duk Juma'a.

Mai Man Gyaɗa, Kaduna

Assalamu alaikum. Na dawo da bayani, yau sati huɗu cif da gwajin da Malam ya ce in yi. Na sa 'yata ta fari ta riƙa shinshinawa tare da ni ba tare da na gaya mata wacce ce wacce ba, a cokali nake zuba mata.

Farar da ke kan tebur ita ta fara canzawa, tun Juma'a ta biyu ƙamshin gyaɗar ya ragu, ta uku kuwa warin ya fito sarai, launin man ma ya ɗan koɗe. Koriyar da ke kusa da ita, mai duhun na zaɓa, sai a wannan satin muka fara jin wani abu kaɗan, ni na ji, 'yata ta ce ita ba ta ji ba. Biyun da ke cikin kwali kuwa, fara da koriya, ba mu iya bambanta su ba, duka kamar jiya aka matsa.

Saboda haka ban hana yaron kawo farare ba. Abin da na canza, teburin na ja shi ciki, na sa aka ɗinka mini labule da buhunan shinkafa biyu ina saukewa da an yi azahar. A gaba kwalba ɗaya tak nake ajiyewa don a gani, duk bayan kwana uku in kai ta kicin ɗina in sa wata. Wanda ya tsaya saye, daga kwali nake ɗauko masa. Korayen masu duhu kuma na ware su ga masu sayen kwalba uku ko huɗu lokaci ɗaya, waɗanda na san man zai daɗe a gidajensu, ina kuma gaya musu kada su ajiye a taga ko kusa da murhu. Baba Liman, na bi maganarku, na sayo sababbin murafu na roba a kasuwa, kuma na ce wa yaron ya fi kawo na wuraren biki. Man da ya lalace ban sayar wa kowa ba, wata mai yin sabulu ta karɓa a rabin kuɗi. Maƙwabciyata na kai mata sabuwar kwalba har gida, ta karɓa, jiya ma ta aiko a ba ta biyu.

Saura abu ɗaya. Ƙanena zai fara kawo mini zuma daga Kachia in haɗa da ita a shagon, kuma ita ma masu saye sai sun ɗaga kwalba sun duba ta a haske kafin su yarda. Malam, ita ma a kwali zan ɓoye ta, ko zuma ta fi mai haƙuri?

Malamin Kimiyya

Ta fi shi haƙuri nesa ba kusa ba, ba ta yin irin wannan warin. Amma zafi yana sa ta duhu ya rage mata ƙamshi, haske kuma yana raunana sinadaran da ke sa ta maganin ciwo. Ki zuba a fara don su gani, ki ajiye ta bayan labulen. Murfin ne za ki fi kula da shi, musamman da damina, domin zuma tana jan danshi daga iska, idan ta sha ruwa sai ta fara tsami tana kumfa.